Arha Ba Ta Ado? Tunani A Kan Kofin Zoɓo

Hausawa na cewa "arha ba ta ado", suna kuma cewa "iya kuɗinka, iya shagalinka". Waɗannan zantuka biyu sun fito daga bakin mutanen da suka san kasuwa, kuma a cikin kasuwa gaskiya suke faɗa. Wanda ya sayi yadi mai arha zai ga ya koɗe tun wankin farko, wanda kuma ya sami jaki a ƙasa da kuɗinsa zai gane dalili kafin ya isa gida. Sai dai magana idan ta daɗe a baki takan zarce inda aka aike ta. Mun ɗauko wannan hukunci daga rumfar masu yadi mun ɗora shi a kan harshe, har ta kai mutum yana jin daɗin abu a bakinsa amma yana jin kunyar a gan shi da shi, don kawai kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Tambayoyi uku nake son bi a wannan maƙala. Shin daɗin abu yana bin kuɗinsa? Idan ba ya bi, akwai wani ma'auni na gane mai kyau da maras kyau, ko kuwa kowa da kiwon da ya karɓe shi? Ta ukun ita ce mafi nauyi gare ni, a matsayina na ɗan Ƙaura Namoda: ya dace ma a zauna ana zancen ɗanɗano a yankin da yara ke kwana da yunwa? Zan bi su ne ta kan abin sha guda ɗaya, wanda duk mai karatu ya taɓa riƙewa a kofi ko a ƙullin leda, wato zoɓo.

Abin Da Ke Cikin Kofin

Zoɓo, ko soɓorodo, ɗiyan yakuwa ne, tsiron da mu mutanen Zamfara da Sakkwato muka fi kira sure. Ba shuka ce mai sarauta a gona ba. Sau da yawa a gefe ake jefa ta, ta zama alamar iyaka tsakanin manomi da maƙwabcinsa, gero da dawa kuwa su mamaye tsakiya. Duk da haka babu abin yarwa a jikinta. Ganyenta na shiga miya da fate, 'ya'yanta ake dafawa a ruɓar a yi daddawar batso, sa'annan jan kwanson da ke lulluɓe da 'ya'yan shi ake ɓarewa a shanya ya zama zoɓo.

Launinsa ya samo asali daga wani sinadari da masana ke kira antosayanin, wanda shi ne kuma ke ba baƙin inabi launinsa. Wannan sinadari yana sauya kala gwargwadon tsamin ruwan da yake ciki. Shi ya sa idan mai dafawa ta jefa 'yar kanwa don ta kashe tsami, sai ja ya dushe ya koma baƙi-baƙi, idan kuma ta matsa lemon tsami sai ya ƙara haske. Idan aka bar shi ya daɗe a wuta bauri ya fito, idan aka jiƙa shi kawai ya kwana a ruwa sai ya zo da sauƙi da ƙanshi. Daga nan kowace mace da hannunta: citta, kanumfari, masoro, ɓawon abarba, na'a-na'a, wata ta sa sukari, wata mazarƙwaila, wata dabino.

Ba mu kaɗai muka san shi ba. A Masar da Sudan sunansa karkade, a Senegal bisaf, a Gana sobolo. A Meziko yana cikin abubuwan shan yau da kullum, kuma wani kaso mai yawa na abin da suke sha daga arewacin Nijeriya ake loda shi, musamman daga Jigawa da Kano da Katsina. Masu binciken lafiya ma sun waiwaye shi. A 2010 wasu masana na Jami'ar Tufts a Amurka sun wallafa gwajin da suka yi da mutum 65 masu hawan jini maras tsanani, inda waɗanda suka sha kofi uku na shayin zoɓo kullum har mako shida suka sami saukar awon jininsu na sama da kimanin maki 7.

Ga abu mai launi, mai ƙanshi, mai amfani, wanda jiragen ruwa ke tsallaka teku da shi. Amma a gidajen bukukuwanmu kowa ya san matsayinsa. Na halarci walimomi da ɗaurin aure a Ƙaura da Zurmi da Shinkafi, tsarin kusan ɗaya ne: manyan baƙi a kan kujerun gaba da lemon kwalba ko na kwali, jama'ar da ke kan tabarmi a baya da zoɓo a robar da aka wanke. Babu wanda ya taɓa tambayar na gaba ko me ya fi so. An riga an yanke cewa miƙa masa zoɓo raini ne.

Tsakanin Harshe Da Aljihu

Mutanen da suka fi kowa nazarin dangantakar farashi da ɗanɗano su ne masu shan giyar inabi. Ni Musulmi ne, a jihar da aka ƙaddamar da Shari'a a watan Oktoba na 1999 aka kuma hana sayar da barasa, don haka ba na kawo zancensu don sha'awar abin da ke kofinsu. Na kawo shi ne saboda sun yi gwaje-gwajen da ke fallasa halin ɗan Adam ko'ina yake, kuma hikima kayan mumini ce a duk inda ya tsince ta.

Ƙasar Fotugal misali ce mai kyau. Tana da ire-iren inabi na gida fiye da 250, kuma tun 1756 gwamnatinta ta shata iyakar yankin Douro ta kafa masa dokokin inganci. Mutanenta na sahun gaba a duniya wajen yawan shan ruwan inabi idan aka raba bisa yawan jama'a. A yankin Alentejo har yanzu akwai masu tsima shi a manyan randunan ƙasa kamar yadda aka gada tun zamanin Rumawa. Duk da wannan tarihi, jan ruwan inabin da talakan Fotugal ke sha a kan abinci kuɗinsa kaɗan ne idan aka gwada shi da na manyan gonakin Faransa, kuma masu sharhi a kan wannan harka sun daɗe suna nuna cewa bambancin kuɗin ya fi bambancin ɗanɗanon nisa. Suna ne ya yi tsada a can, ba inabi ba.

A 2008 an wallafa bincike biyu da suka taɓa wannan batu kai tsaye. A na farko, Robin Goldstein da abokan aikinsa sun tattara sakamakon ɗanɗanawa fiye da 6,000 da aka yi ba tare da masu sha sun san farashi ko suna ba. Sun gano cewa mutanen da ba su da horo a harkar ba su fifita mai tsada ba, hasali ma sun ɗan fi karkata ga mai arha. A na biyu, Hilke Plassmann da abokan aikinta a Kalifoniya sun saka mutum 20 a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka riƙa ba su abin sha iri ɗaya da farashi daban-daban. Wanda ake sayarwa dala 5 an ce musu dala 45 ne, wanda ake sayarwa dala 90 an ce musu dala 10 ne. Mutanen sun ce mai babban farashin ya fi daɗi, kuma sashen ƙwaƙwalwarsu mai lura da jin daɗi ya fi motsawa a lokacin, alhali sassan da ke karɓar ɗanɗano daga harshe ba su nuna irin wannan bambanci ba.

Darasin ya fi zurfi fiye da a ce mai kuɗi yana ƙarya. Ba ƙarya yake ba, da gaske yake jin daɗin. Abin da yake jin daɗinsa ne ya bambanta da abin da yake zato. Yana zaton harshensa ne ke magana, alhali labarin da aka ba shi ne ke magana ta bakinsa. Masanin tattalin arziki Thorstein Veblen ya bayyana rabin wannan tun 1899, lokacin da ya yi rubutu a kan kashe kuɗi don a gani. Masanin zamantakewa Pierre Bourdieu ya ƙarasa ɗaya rabin a 1979, inda ya nuna cewa abin da mutane ke kira iya zaɓe sau da yawa katanga ce da masu hali ke gittawa tsakaninsu da na ƙasa da su. Baƙon da ke kujerar gaba, ashe, kujerar yake sha tare da lemon.

Mu kuma a wannan yanki muna da wani ƙarin dalili na tarihi. Tun da layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929 aka fara kwasar gyaɗa da auduga zuwa bakin teku, muka saba da auna darajar amfanin gonarmu da abin da na nesa zai biya. Abin da bature ya nema shi ne kaya, abin da bai nema ba na mata ne da yara. Zoɓo ya daɗe a wannan rukuni na biyu. Sai da 'yan kasuwar waje suka fara neman sa da tireloli aka fara kiransa hajar fitarwa. Kwanson bai sauya ba, mai saye ne ya sauya.

Ko Kowa Da Nasa?

Wani zai ce, to shi ke nan, tunda farashi ba ma'auni ba ne, babu ma'auni ke nan, kowa ya sha abin da ya yi masa. Wannan magana tana da kamar adalci, amma ban yarda da ita ba, domin tana ƙwace wa talaka wani abu da yake da shi. Idan babu mai kyau babu maras kyau, to matar da ta shekara ashirin tana gyara hannunta a zoɓo ba ta fi wadda ta zuba ruwa da kala da sukari ba. Duk wanda ya zauna a unguwa ya san ba haka ba ne. Yara ma sukan wuce gida uku masu sayarwa su je na huɗu.

Masanin falsafa ɗan Sikotilan, David Hume, ya yi maƙala a kan ma'aunin ɗanɗano a 1757. A ciki ya ari wani labari daga littafin Don Quixote, na wasu 'yan uwa biyu da aka ba su abin sha daga wata ganga su faɗi ra'ayinsu. Ɗaya ya yaba amma ya ce yana jin ɗanɗanon fata, ɗayan ya yaba amma ya ce yana jin na ƙarfe. Aka yi musu dariya. Da aka juye gangar sai ga tsohon mabuɗi ɗaure da tsirkiyar fata a ƙasa. Abin da Hume ya fitar shi ne cewa akwai ƙwarewa ta haƙiƙa a ɗanɗano, kuma ana samun ta da lafiyar gaɓɓai, da yawan gwadawa, da kwatanta wannan da wancan, da kuma wanke zuciya daga son rai. A cikin sharuɗɗan nan babu dukiya.

Ina da gwaggo a Zurmi wadda ba ta taɓa jin sunan Hume ba, amma ta cika sharuɗɗansa. An taɓa kawo mana zoɓo daga wani gidan suna, ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye kofin ta ce da ni: "Ɗana, wanga ya kwana, kuma an sa mishi kanwa don a ɓoye." Da aka bincika haka abin yake. Ba ta ga tukunyar ba, ba ta san mai dafawar ba. Harshenta ne ya gano mabuɗin da ke ƙasan ganga.

Hausa kanta shaida ce. Muna da zaƙi da tsami da ɗaci da yaji, waɗanda kowane harshe ke da irinsu. Amma muna kuma da bauri, da garɗi, da gafi, da galmi, da maƙaƙi, da zartsi na ruwan rijiya, da lami na abin da ba ya da ɗanɗano, da ƙauri na abin da ya kama a tukunya. Waɗannan kalmomi ba a fada aka ƙirƙire su ba. Manoma da masu daka da masu talla ne suka haife su, mutanen da yawancinsu ba su taɓa tara abin da ya wuce na shekara ba. Al'ummar da ta ware wa garɗin gyaɗa suna daban da zaƙin rake ba za a ce ba ta san daɗi ba don ba ta da kuɗi.

Muna ma da al'adar santi, wadda a cikinta ake tsokanar wanda daɗin abinci ya kwashe har ya saki baki ya yi zancen da ba shi da kai. A cikin wannan wasa akwai hikima biyu. Akwai amincewa da cewa daɗi na da ƙarfin da zai iya rinjayar babba, akwai kuma tunatarwa cewa mutumci shi ne a ji daɗin ba tare da an zubar da kai ba. Kuma ba a taɓa cewa sai a kan naman rago ake santi ba. Ana yin sa a kan ɗanwake da kwaɗon zogale.

Saboda haka amsata ga tambaya ta biyu ita ce akwai ma'auni, kuma sunansa lura. Shi ne jarin da ake bukata, kuma jari ne da ba a gadonsa, ba a kuma sayensa. Mai kuɗi na iya rasa shi, almajiri na iya mallakarsa.

Ƙorafin Mai Gudun Duniya

Akwai masu ganin cewa duk wannan shagala ce, mumini ya ci abin da zai tsayar da ƙashin bayansa ya tashi. Ina girmama wannan ra'ayi domin yana da asali a tarbiyyarmu. Amma malaman da suka fi kowa gargaɗi a kan sha'awar ciki ba su hana lura da ni'ima ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a Ihya'u a kan karya sha'awar ciki, ya kuma ware wani a kan ladubban cin abinci. Da ya zo bayanin godiya sai ya ce tana da rukunai uku: sanin ni'imar da wanda ya bayar da ita, da farin cikin da sanin ke haifarwa, da aikin da ya dace da ita. Idan sani ne rukunin farko, to wanda ya kwankwaɗi kofi bai san me ya sha ba, godiyarsa ta tsaya a leɓe. Suratul A'araf ma a wuri guda ta haɗa halaccin ci da sha da hani ga almubazzaranci, ta kuma yi inkari ga masu haramta daɗaɗan abubuwan da Allah ya fitar wa bayinsa.

A tarihinmu na nan kusa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya taɓa barin rundunar jihadi ya nufi gabas saboda takaicin yadda ya ga wasu sun karkata ga abin duniya, har mutanen Kano suka tsayar da shi. Abin da ya dame shi shi ne ƙawar masu iko da tarin dukiyarsu. Kofin talaka bai shiga ƙorafinsa ba. Almubazzaranci yana zaune ne a inda ake biyan kuɗi don suna, kuma wanda ya iya jin daɗin abu mai arha ya fi kowa nisa da shi, tunda ba ya bukatar mai yawa kafin ya gamsu.

Ƙorafin Mai Jin Yunwa

Ƙorafi na biyu ya fi wannan kaifi. A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF tare da ma'aikatar lafiya sun auna yara 97,149 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, suka samu kashi 27 cikin ɗari na fama da tamowa. A daidai wannan lokaci hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari, shekara guda bayan cire tallafin man fetur. Kafin nan, a watan Satumba na 2021, an rufe kasuwannin mako-mako a Zamfara an kuma katse layukan waya saboda matsalar 'yan bindiga, har babbar kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ta tsaya. A irin wannan ƙasa, in ji mai ƙorafi, wanda ya zauna yana yabon abin sha mai arha yana yi wa azzalumai aiki ne. Yana gaya wa talaka ya gode da ɗan abin da ya samu, kada ya tambayi inda sauran ya tafi.

Wannan zargi yana da gaskiya a cikinsa. An sha amfani da kalmar wadatar zuci a matsayin linzami, kuma mafi yawan masu wa'azinta ga talaka ba su taɓa gwada ta a gidajensu ba. Idan abin da nake cewa shi ne zoɓo ya isa, kada a nemi nono da ƙwai da asibiti da hanyar da za a bi lafiya daga Ƙaura zuwa Shinkafi, to na cancanci zargin. Zoɓo ba ya maganin tamowa, kuma babu yabon da zai mayar da shi abinci.

Amma akwai bambanci tsakanin a ce wa mutum abin da ke hannunka ya ishe ka, da a ce masa abin da ke hannunka yana da daraja. Magana ta farko tana kwantar da shi, ta biyu tana miƙar da shi tsaye. Talauci yana cin mutum ta fuska biyu. Yana hana shi abin da yake bukata, sa'annan yana koya masa raina abin da yake da shi, har ya yarda cewa harshensa da hankalinsa ma na ƙasa ne. Ta farkon sai da gyaran mulki da tsaro da noma za a magance ta. Ta biyun kuwa a cikin kai take zaune, kuma ita ce ke sa mutum ya karɓi ta farkon a matsayin abin da ya cancanta. Wanda ya yarda cewa duk abin da ya fito daga gidansu na banza ne ba zai iya tsayawa gaban mai mulki ya nemi haƙƙinsa ba, domin ya riga ya yanke wa kansa hukunci.

Na ga matan da rikici ya koro daga ƙauyuka suka zauna a Ƙaura, waɗanda daga cikin abin da suka fara yi da suka sami tukunya da murhu har da dafa zoɓo da kunun aya na sayarwa. A wajensu wannan sana'a ce da ke kawo kuɗin gari da sabulu. Amma duk wanda ya ga yadda mace ke ɗanɗana tukunyarta ta ƙara citta ta sake ɗanɗanawa zai gane akwai wani abu bayan ciniki. An raba ta da gona da rumbu da ɗaki, ba a raba ta da iyawarta ba. A ce zancen ɗanɗano bai dace da ita ba sai ta ƙoshi, wannan ma wani nau'in raini ne, ko da da tausayi aka faɗe shi.

Wa Ya Biya Arhar?

Akwai wurin da nake ganin mai yabon arha ya fi bukatar taka-tsantsan. Abu ba ya yin arha haka kawai. Wani lokaci yana yin arha don ƙasa ta yalwata shi, wani lokaci kuma don wani ya yi aiki ba a biya shi daidai ba. Ɓarar zoɓo aiki ne na hannu, ƙwaya-ƙwaya, kuma ƙaiƙayin jikinsa na cin yatsu. Mata da yara ne suka fi yin sa. A sassan Shinkafi da Zurmi manoma da dama sai sun biya 'yan bindiga haraji kafin su shiga gonakinsu su yi girbi. Yarinyar da ke yawo da bokitin zoɓo a tasha da rana tsaka, a lokacin ya kamata tana aji. Duk waɗannan suna cikin kofin, ko da harshe bai ji su ba.

A nan rukunin godiya na uku yake shigowa, wato aiki. Lurar da ta gano kanumfari a cikin zoɓo ita ce ya kamata ta gano hannun da ya ɓare shi. Idan ta tsaya a kan harshe ba ta isa ga mutum ba, ta zama irin shagalar da mai gudun duniya ke tsoro. Aikin kuwa ba mai nisa ba ne. Kada mai albashi ya tsaya yana taya ƙullin zoɓo a hannun marainiya alhali bai taɓa taya lemon kwalba a kanti ba. Mai biki ya ba matan unguwa kwangilar abin sha ya biya su da daraja, ya kuma ajiye shi a gaban manyan baƙi a kofi mai kyau ba tare da neman afuwa ba. Masu ilimi, musamman ɗaliban kimiyyar abinci a makarantu irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, su taimaka wa masu sana'ar da hanyoyin tsabtace ruwa da adanawa.

Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin arha ma ba shaidar kyau ba ce. Zoɓon da aka haɗa da gurɓataccen ruwa na iya kwantar da gida guda, wanda aka cika wa sukari kuma ya zubar da amfanin da likitoci suka gani a cikinsa. Wanda ya ce duk mai arha mai kyau ne ya faɗa ramin da mai bautar tsada ya faɗa, ta ɗaya bakin. Dukansu biyu sun bar farashi ya yi musu hukunci.

Naɗewa

Karin maganar da ta ce arha ba ta ado ba ta yi ƙarya ba, idan aka fahimci ado a matsayin abin da ake yi don idon mutane. A wannan fage tsada ce sarauniya, tunda aikinta ke nan. Kuskuren shi ne a ɗauka cewa daɗi ma ado ne. Ado na bukatar mai kallo, daɗi kuwa na bukatar mai lura, kuma mutum na iya lura ko da shi kaɗai ne a ɗaki da kofin roba.

Abin da na tsaya a kai shi ne cewa iya jin daɗin abu mai arha ɗabi'a ce ta ƙwarai, wadda ta cancanci a koya wa yara kamar yadda ake koya musu gaskiya da kunya. Tana 'yantar da mai ita daga bautar suna, tana kare shi daga almubazzaranci, tana kuma mayar masa da amincewa da hankalinsa. Amma tana da sharaɗi guda: kada ta zama dalilin yin shiru a kan yunwa, kada kuma ta manta da wanda guminsa ya sa abin ya yi arha. Yaran Shinkafi da Zurmi suna da haƙƙin ƙoshi, kuma neman wannan haƙƙi wajibi ne a kan duk mai murya. Suna kuma da haƙƙin su tashi sun san cewa abin da iyayensu mata ke dafawa abin kirki ne, wanda mutanen wata nahiya ke biyan kuɗin jirgi don su same shi. Al'ummar da ta riƙe haƙƙoƙin nan biyu tare ita ce za ta iya neman abin da ta rasa ba tare da ta zubar da abin da take da shi ba.